Biza Alkawari Ce: Nasiha Mai Ɗaci Ga Mai Niyyar Wuce Wa'adi Da Mai Sayen Asirans Ta Jabu

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin halittu, tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.



Ya ɗan'uwa, yau zan yi maka magana a kan abin da kowa ya sani amma ba a cika son ɗaga shi a kan mumbari ba, domin da wuya ka samu unguwa a Maraɗi ko Damagaram ko Tawa ko Yamai wadda lamarin bai shafi wani gida a cikinta ba. Mutum ya nemi bizar Umra, amma tun kafin ya hau jirgi ya riga ya sayar da gona, ya yi bankwana irin na wanda ba shi da niyyar dawowa bana ko baɗi. Wani ya nemi bizar ziyara ta wata ɗaya zuwa Turai, alhali an riga an sama masa aikin da zai kama washegarin saukarsa. Wani kuma ofishin jakadanci ya ce ya kawo takardar inshorar tafiya, wadda muke kira asirans, sai ya shiga shagon masu kwamfuta aka buga masa ta ƙarya, da hatimi da sa hannu, ya kai ba ko kunya.

In ka yi musu magana, amsa uku za ka ji: ƙasa ta Allah ce; dokar ba ta Musulunci ba ce; asirans kuma haramun ce. Dukansu kalmomi ne masu kama da taƙawa. Ina so ka ba ni hankalinka mu auna su da ma'aunin da muka ce mun yarda da shi, wato Alƙur'ani da Sunna da maganar malaman fiƙihu, mu ga ko za su tsaya.

MENE NE BIZA A MA'AUNIN FIƘIHU?

Tun kafin a ƙirƙiro fasfo, malamanmu sun buɗe babi guda a littattafansu a kan abin da suka kira amana ko aminci, wato izinin da ake ba baƙo ya shiga ƙasar da ba tasa ba, a kare jininsa da dukiyarsa, shi kuma ya kiyaye sharuɗɗan da aka gindaya masa. Wanda ya shiga da wannan izini shi suke kira musta'min. Hukuncin yana aiki ta fuska biyu: baƙon da ya shigo ƙasar Musulmi da aminci, da Musulmin da ya shiga ƙasar wasu da aminci. Ibnu Ƙudama ya bayyana a cikin Al-Mugni cewa Musulmin da ya shiga ƙasar abokan gaba da aminci bai halatta ya ha'ince su a dukiyarsu ba, domin sun ba shi amincin ne bisa sharaɗin ba zai ha'ince su ba, ko da ba a furta sharaɗin da baki ba. Ka lura, wannan a ƙasar abokan gaba ke nan. To yaya ƙasar da ba a yaƙi da ita? Yaya kuma ƙasar Musulmi?

Biza ita ce wannan aminci a zamaninmu, kuma ta fi na dā ƙarfi, domin kai da hannunka ka cika takarda. An tambaye ka abin da zai kai ka, ka rubuta. An tambaye ka kwana nawa za ka yi, ka rubuta. A ƙasan takardar ka sa hannu cewa duk abin da ka faɗa gaskiya ne. Aka ɗauki hoton yatsunka. Bisa wannan furuci naka aka buɗe maka ƙofa. Ayar farko ta Suratul Ma'ida umarni ce ga muminai su cika ƙulle-ƙullen da suka ƙulla, aya ta 34 a Suratul Isra'i kuma ta sanar da mu cewa alkawari abin tambaya ne ranar alƙiyama. Ba a keɓe alkawarin da aka rubuta da Faransanci ba, ba a keɓe wanda aka cika a intanet ba.

Bizoji kuwa iri-iri ne, kowace da wa'adinta da sharaɗinta. Bizar gajeren zama ta ƙasashen Turai masu iyaka ɗaya, wato yankin Shengen, ba ta wuce kwana 90 a cikin kowane kwana 180. Mai son ya daɗe fiye da haka, ɗalibi ne ko ma'aikaci ko mai bin iyali, bizar dogon zama zai nema. A Faransa akwai irin bizar dogon zama da ke tsayawa a matsayin katin zama, kuma wajibi ne mai ita ya tabbatar da ita ta intanet cikin wata uku da saukarsa. Akwai wadda ake ba mai zaman baƙunta kawai, wanda ke sa hannu cewa ba zai yi aikin neman kuɗi ba. A Saudiyya bizar Umra daban, bizar Hajji daban, bizar aiki da iƙamarta daban. Kowace ƙofa da mabuɗinta. Wanda ya karɓi mabuɗin zaure ya kutsa da shi cikin ɗakin kwana, ko a gidan ubansa ne sai an kira shi mai cin amana.

“AI ƘASA TA ALLAH CE”

Gaskiya ne, ƙasa ta Allah ce. Gonarka ma ta Allah ce, amma ranar da maƙwabcinka ya tura iyaka taku biyu, har gaban sarki kake kai shi, ba ka ce masa ƙasa ta Allah ce ba. Gidanka ma na Allah ne, amma Suratun Nur ta hana kowa shigarsa sai da sallama da neman izini, kuma ta ce in an ce ku koma to ku koma. Mallakar Allah ga ƙasa ba ta taɓa soke haƙƙin mai gida a kan ƙofarsa ba, kuma ba ta taɓa halatta ƙarya ba.

Wani zai ce kakanninmu sun tafi Makka da ƙafa, ta Barno da Wadai da Darfur har bakin Bahar Maliya, wasu suka shekara da shekaru a hanya, wasu suka zauna Sudan har yau jikokinsu na can, kuma ba wanda ya tambaye su biza. Haka ne, Allah Ya jiƙansu. Amma ka tuna abu biyu. Na farko, ba su sa hannu a wata takarda sun ce za su yi kwana kaza sannan suka saɓa ba. Babu alkawari a wuyansu. Na biyu, ayarin fatake da na alhazai ba ya ratsa ƙasar wani sarki a ɓoye. Madugu yana kai gaisuwa, ana biyan abin da aka yanka, ana sauka a zangon da aka nuna. Sun san haƙƙin mai ƙasa. In za ka yi koyi da su, ka yi koyi da wannan.

“AI DOKAR WAƊANDA BA MUSULMI BA CE”

Wannan ita ce shubuhar da ta fi ba ni tsoro, domin tana mayar da ƙarya ta zama kamar ibada. Ka saurari abin da Imamu Muslim ya ruwaito game da Huzaifa ɗan Yamanu. Shi da mahaifinsa sun fito za su Madina, Ƙuraishawa suka tsare su, ba su sake su ba sai da suka ɗauki alkawarin ba za su yi yaƙi tare da Annabi, sallallahu alaihi wa sallama, ba. Suka zo suka ba shi labari, ana gab da yaƙin Badar, Musulmi ɗari uku da ƴan kai suna fuskantar kusan dubu. Kowane takobi ana bukatarsa. Duk da haka ya umarce su su koma, ya ce za a cika wa mushirikai alkawarinsu, a nemi taimakon Allah a kansu. Alkawari ne da aka karɓa a hannun maƙiya, a cikin tsarewa, amma aka cika shi ranar Badar. To kai wa ya tsare ka? Da ƙafarka ka je ofishin jakadanci, da kuɗinka ka biya, ka yi layi tun asuba kana roƙon a ba ka.

Ka tuna Hudaibiyya, shekara ta shida bayan hijira, lokacin da Abu Jandal ya iso cikin mari yana neman mafaka, aka mayar da shi saboda sharaɗin sulhu, zukatan sahabbai suna ƙuna. Ka tuna aya ta 72 a Suratul Anfal, wadda ta wajabta taimakon muminan da suka nemi agaji, amma ta keɓe inda akwai yarjejeniya tsakanin Musulmi da mutanen da ake neman agajin a kansu. Ka tuna sahabban da suka yi hijira zuwa Habasha, suka zauna shekaru a ƙarƙashin kariyar Najjashi. Da aka kira su fada aka tambaye su abin da suke cewa game da Annabi Isa, alaihis salam, Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya faɗi gaskiyar aƙidarsu, alhali yana iya jawo musu kora. Waɗannan su ne magabatanmu a zaman ƙasar waje. Sun zauna da izini, sun faɗi gaskiya, sun dawo da mutunci. Ja'afar bai iso Madina ba sai shekara ta bakwai, lokacin buɗe Haibara.

Kuma hadisin alamomin munafuki, wanda yaran makarantar allo ma sun haddace, bai ce sai in abokin maganar Musulmi ne ba: ƙarya a zance, saɓa alkawari, cin amana. Mai cika takardar biza da niyyar saɓawa ya haɗa ukun a zama ɗaya.

Ba na musun cewa a tsarin bizar duniya akwai rashin adalci. Ɗan ƙasa mai arziki yana shiga ƙasashe da yawa da fasfonsa kawai, kai kuwa sai ka tara takardu kamar mai neman sarauta. Kuɗin neman bizar Shengen euro 90 ne tun watan Yunin 2024, wato kusan jika 59 na sefa, kuma in an hana ka ba a mayar maka da ko dala. Wannan abin a yi kuka a kansa ne, a rubuta, shugabanni su yi magana. Amma wanda ya zalunce ka da tsada bai halatta maka ƙarya ba. Annabi, sallallahu alaihi wa sallama, ya yi umarni a mayar da amana ga wanda ya amince maka, kuma ya hana ka ha'inci wanda ya ha'ince ka. Wanda kuwa ya gudu daga kisa ko azaba ta gaskiya, hukuncinsa daban ne, kuma dokokin duniya ma sun buɗe masa ƙofar neman mafaka. Abin da ba shi da madafa shi ne mai lafiya da kwanciyar hankali ya ƙaga labarin ana farautarsa, har wani ya yi iƙirarin barin addininsa a gaban jami'i don a ba shi takarda. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

ZAMAN TAKARI A ƘASA MAI TSARKI

Yanzu mu zo ga wanda ya fi kusa da mu. Ka ce kai ba Turai za ka ba, ɗakin Allah za ka, wa zai hana bawa maƙwabtaka da ɗakin Ubangijinsa? Har ka jawo aya ta 25 a Suratul Hajji, wadda ta daidaita mazaunin Masallaci Mai Alfarma da baƙonsa. Ka karanta ayar har ƙarshenta. A cikinta ne aka yi gargaɗin azaba mai raɗaɗi ga wanda ya yi nufin karkata da zalunci a wurin. Zunubi a Makka ya fi zunubi a Tasawa nauyi. Saboda irin wannan tsoro ne Imamu Abu Hanifa ya karhanta daɗewa a Makka, kuma an ruwaito cewa Sayyidina Umar yakan umarci mutanen Yaman da Sham da Iraƙi su koma garuruwansu da zarar sun kammala Hajji.

Sannan ka faɗa wa kanka gaskiya: ibada ce ta zaunar da kai ko riyal? Wanda ke gudun jami'an tsaro ba ya ma iya zuwa Harami yadda yake so. Rayuwarsa ɓuya ce. Ba shi da iƙama, ba zai kama hayar gida da sunansa ba, wanda ya sa shi aiki in ya hana shi lada ba inda zai kai ƙara. Ƴan'uwanmu mata da ke shiga aikatau a gidajen mutane ba tare da takarda ba su suka fi kowa shiga haɗari, domin wadda ba ta da takarda ba ta da bakin magana. Ƴaƴan da aka haifa a wannan hali suna tashi ba su da takardar can ba su da ta nan. Ƙarshen da yawa kuwa gidan tarhil ne, a dawo da mutum da kayan jikinsa.

Akwai kuma mai shiga da bizar Umra ko ta ziyara ya laɓe har lokacin Hajji don ya yi aikin ba tare da tasrihi ba. Ka ji abin da ya faru a Hajjin 1445, watan Yunin 2024. Zafi ya haura digiri 51 a Makka. Ministan lafiya na Saudiyya ya sanar da rasuwar mutum 1,301, kuma ya ce kashi 83 cikin ɗari nasu ba su da izinin Hajji. Sun yi tafiya mai nisa cikin rana, ba tanti ba motar ɗauka. Allah Ya jiƙansu Ya gafarta musu, ba hukunci nake yi musu ba, da yawansu dillalai ne suka yaudare su. Amma kai da kake da rai, an ba ka darasi. Kafin wannan Hajjin ma, a watan Afrilun 2024, Majalisar Manyan Malamai ta Saudiyya ta fitar da bayani cewa bai halatta a tafi Hajji ba tare da tasrihi ba, kuma mai yin haka ya yi zunubi. A Hajjin 2025 an sanar da tarar da ta kai riyal 20,000 ga mai yin Hajji ba izini, da wadda ta kai riyal 100,000 ga mai taimaka masa, tare da kora da hana shiga ƙasar shekara goma. Allah Ya rataya wajabcin Hajji a kan iko. Wanda bai samu kujera ta halal ba, ta hanyar hukumar COHO da ajans-ajans masu izini, Hajji bai hau kansa ba tukuna, kuma niyyarsa tana rubuce a wurin Wanda ba Ya mantuwa.

“ASIRANS HARAMUN CE”

A nan ne nake son ka natsu, domin maganar tana da tushe, amma an ɗauke ta an kai ta inda malamai ba su kai ta ba. Ibnu Abidin, malamin Hanafiyya na Dimashƙa wanda ya rasu a 1836, yana cikin na farkon da suka tattauna inshorar kayan jirgin ruwa, kuma abin lura, a babin musta'min ya kawo ta. A watan Disamban 1985 Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda, ta yanke cewa inshorar kasuwanci mai tsayayyen kuɗi akwai garari mai yawa a cikinta, wato jahiltar abin da za a bayar da abin da za a karɓa, saboda haka haramun ce, ta kuma halatta inshorar taimakekeniya wadda aka gina a kan kyauta da agajin juna. Wasu manyan malamai, irin su Shaihu Mustafa Az-Zarƙa, sun tafi a kan halaccin tsarin inshora gaba ɗaya. Inshorar taimakekeniya, wadda ake kira takaful, tana da asali a aikin Ash'ariyyawa, waɗanda in guzurinsu ya yi ƙasa sukan tara abin da ya rage a mayafi ɗaya su raba daidai, har Annabi, sallallahu alaihi wa sallama, ya yabe su ya danganta su da kansa. Kamfanin farko na irinta an kafa shi a Sudan a 1979, kuma hukumar CIMA mai tsara harkar asirans a ƙasashenmu ta fitar da ƙa'idar takaful a 2019.

To ka ga hanya a fili take. In ka samu takaful da ofishin jakadanci ke karɓa, ita za ka saya. In ba ka samu ba, kuma doka ta tilasta, da yawa daga malaman da suka haramta inshorar kasuwanci sun ce wanda aka tilasta wa ba shi da laifi. In kuwa zuciyarka ba ta natsu da wannan ba, kofa ta uku a buɗe take: ka fasa tafiyar, Allah Ya ba ka ladan tsantseni. Kofa ta huɗu, wato buga takardar jabu, ita ce babu malami ko ɗaya da ya buɗe ta. Ka gudu daga abin da malamai suka yi saɓani a kansa, ka faɗa cikin shaidar zur wadda Annabi, sallallahu alaihi wa sallama, ya lissafa cikin mafi girman manyan zunubai, yana kishingiɗe ya tashi zaune yana ta maimaita ta. An gudu daga yayyafi an faɗa rijiya. Haka nan wanda ya sayi ta gaskiya, da biza ta fito ya koma ya soke ta ya karɓi kuɗinsa. Da wanda ya ɓoye ciwon sukari ko hawan jini da aka tambaye shi. Da wanda ya haɗa baki aka rubuta masa rasit na maganin da bai saya ba don kamfani ya biya. Duk cin dukiyar mutane ne da ƙarya, ko kamfanin na wane ne.

Ka kuma san abin da kake saya. Bizar Shengen tana bukatar asirans da za ta iya ɗaukar aƙalla euro 30,000, wato sefa miliyan 19 da dubu ɗari shida da ƴan kai, domin jinyar gaggawa da kwanciya asibiti da mayar da majinyaci ko gawa gida. Wannan adadi kaɗai ya isa ya nuna maka tsadar ciwo a can. Asirans ta tafiya tana da ranar farawa da ranar ƙarewa. Galibi ba ta ɗaukar tsohon ciwon da ka tafi da shi, kuma ba ita ce inshorar lafiya ta mazauni ba. Mai dogon zama sai ya shiga tsarin lafiyar ƙasar ko ya sayi wadda ta dace da zamansa. A Saudiyya an haɗa asirans cikin kuɗin bizar Umra, iƙamar ma'aikaci kuma tana tafiya da inshorar lafiya. Ma'anar wannan ita ce, ranar da wa'adinka ya ƙare ka ƙi fita, ranar ce rumfar da ke kanka ta yaye.

Kada ka ce mini tawakkali. Buhari ya ruwaito daga Ibnu Abbas cewa wasu mutanen Yaman sukan tafi Hajji ba guzuri suna cewa su masu tawakkali ne, in sun iso Makka sai su koma roƙon mutane. A kansu aka saukar da umarnin yin guzuri a aya ta 197 ta Suratul Baƙara. Mai raƙumi ma an ce masa ya ɗaure sannan ya dogara.

WA KE BIYAN KUƊIN WAYONKA?

Kai kana ganin kanka kaɗai ka jefa cikin haɗari. Mu da ke gida mun san ba haka ba ne. Mu ne saƙon murya ke iso wa tsakar dare: wane yana kwance, ba takarda, ana neman taimako. Mu ne ake miƙa wa faranti bayan sallar Juma'a. Tsohuwa ce ke sayar da akuyarta ta ƙarshe. In ka mutu da bashin asibiti, ka tuna Annabi, sallallahu alaihi wa sallama, ya ƙi yi wa mai bashi sallah har sai da Abu Ƙatada ya ɗauki bashin a wuyansa.

Matarka fa? Wanda ya wuce wa'adi ba ya iya zuwa ganin gida, domin ya san in ya fita ba zai sake shiga ba. Shekara biyar, shekara bakwai, yarinya tana zaune, ita ba mai aure ba ita ba sakakka ba. An ruwaito cewa Sayyidina Umar ya iyakance wa mayaƙa watannin da za su yi nesa da matansu, su da suke jihadi. Mazhabarmu ta Malikiyya ta ba mace damar kai ƙara a raba auren saboda cutarwar doguwar rashin miji. Uwarka za ta rasu a gaya maka ta waya. Ƴaƴanka za su san muryarka ba su san fuskarka ba.

Sannan akwai waɗanda ba ka sani ba. Duk wanda ya wuce wa'adi yana ƙara wa na bayansa nauyi. Ɗalibi mai gaskiya, majinyaci mai neman aikin tiyata, ɗan kasuwa mai zuwa sarin kaya, dattijon da ya shekara ashirin yana tara kuɗin Umra, duk za a dube su da idon zargi saboda fasfon da kuke riƙe da shi iri ɗaya ne. Ka ci tuwonka ka fasa tukunyar jama'a.

GA DILLALAI, DA MU MASU WA'AZI

Kai mai ajans ko ɗan kamasho da ke cewa mutum ya kawo kuɗi za ka shigar da shi, sauran ya san yadda zai yi, ka ji tsoron Allah. Kai mai kwamfuta da ke buga asirans da takardar banki da ta masauki na ƙarya, kuɗin da kake kai wa iyalinka kuɗin shaidar zur ne. Suratul Ma'ida da ta yi umarnin cika alkawari a ayarta ta farko, a ta biyu ta hana taimakekeniya a kan zunubi. Mu kuma masu wa'azi, laifinmu shiru ne. Muna karɓar dabino da zamzam da jallabiya daga hannun wanda muka san yadda ya zauna, muna yi masa addu'ar Allah Ya rufe idon jami'ai. Wallahi za a tambaye mu.

ABIN YI

In ba ka tafi ba tukuna, ka nemi bizar da ta dace da ainihin nufinka. Karatu za ka, nemi ta karatu. Aiki za ka, nemi ta aiki, ka ga kwangila da idonka, ka sa wanda ya iya harshen ya karanta maka kafin ka sa hannu. Ka sayi asirans ta gaskiya, ka tabbatar da kamfanin yana nan, ka riƙe lambar kiran gaggawa, ka bar kwafe a gida. Ka rubuta wasiyya da basussukanka. Ka yanke wa iyalinka ranar dawowa, ka cika.

In kana can da takarda mai kyau, ka san ranar ƙarewarta kamar yadda ka san ranar Juma'a, ka fara sabuntawa da wuri. Ku haɗa asusun taimakon juna a tsakaninku, da rubutu da amintattu, irin na Ash'ariyyawa, domin ciwo da mutuwa.

In kuwa ka riga ka wuce wa'adi, ban rubuta wannan don in wulaƙanta ka ba. Na san talauci, na san shekarar da damina ta ƙi, na san kunyar dawowa hannu sake. Ƙofar tuba a buɗe take. Ka daina kiran abin da ka yi halal, wannan shi ne matakin farko. Ka nemi hanyar gyara zamanka in doka ta ba da dama, ka tuntuɓi ofishin jakadancin ƙasarmu, ka sa kunne ga lokutan afuwa, irin wadda Saudiyya ta yi a 2017 inda aka ba masu zama ba izini damar fita ba tara. In ba hanya, ka dawo. Mu kuma na gida, kada mu tarbi wanda ya dawo da gori. Wanda ya zaɓi gaskiya a kan riyal ya cancanci a tashi a ba shi wuri.

Arzikin da aka rubuta maka ba zai wuce ka ba, ko kana Jidda ko kana Madarumfa. Abin da aka bar maka zaɓi a kansa shi ne ƙofar da za ka bi ka same shi. Ranar alƙiyama za a kafa wa kowane mayaudari tuta a san shi da ita, kamar yadda ya tabbata a Buhari da Muslim. Ka duba takardar da ke hannunka, ka tambayi kanka ko za ka so a karanta ta a wannan taro.

Allah Ya sa mu cikin masu cika alkawari, Ya buɗa mana ƙofofin halal, Ya kare matafiyanmu, Ya dawo da na nesa lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka rasu a hanya. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare ni ne da Shaiɗan. Wanda ya san yana da ɗan'uwa mai shirin tafiya, ya tura masa.